Kwangilar da ba a biya sai hanya ta kwana lafiya: in sa hannu ko in kama kaina?

Mai Gireda Ɗaya:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan aiki da hannunsa ya yi magana, ko da asara ya tafka. Shi ma ya fi amfani a gare ni.

Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Zariya, shekarata 14 a sana'ar. Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: gireda ɗaya tsohuwa da na saya a gwanjo, tifa biyu, sai injin kwaɓa kankare. Rola da tankar ruwa haya nake ɗaukowa. Aikina kwalbati ne da lambatu da hanyar burji ta karkara. Yadda muka saba kowa ya sani. A ba ka takardar da ta lissafa aiki, jar ƙasa kaza, kankare kaza, rodi kaza, kowanne da farashinsa. A ba ka kafin alƙalami, ka yi aiki, injiniya ya zo da tef ya auna ya rubuta satifiket, ka bi fayil ofis-ofis har Allah ya sa a biya. A riƙe maka kashi 5 cikin ɗari sai an shekara, in hanya ba ta nuna wani aibi ba a sakar maka. Daga nan kai da ita sai dai in biki ko ta'aziyya ta sa ka biyo ta.

Makon jiya wani babban kamfani da na taɓa yi wa kwalbatoci ya kira ni da wani ciniki daban. Sun ci kwangilar wasu hanyoyin karkara a wata jiha da ke maƙwabtaka da mu, kuɗin na lamuni ne daga waje. Su suka tayar da hanyoyin daga tushe, sun zuba burji sun daɓe, saura kula da su. Suna so su yanka mini kilomita 38 in riƙe musu har shekara 3. Babu zancen tifa nawa na zuba ko rami nawa na cike. Duk wata akwai tsayayyen kuɗi a kan kowace kilomita. Ƙarshen wata masu sa ido za su shiga mota su bi hanyar daga farko har ƙarshe. In sun same ta yadda takarda ta ce, a biya ni cif. In ba haka ba, a zaftare.

Ga kaɗan daga sharuɗɗan. Mota ƙirar Hilux ta iya tafiyar kilomita 50 a awa ba tare da direba yana ta taka birki saboda rami ba. Kada a sami ramin da faɗinsa ya wuce santimita 30, in an samu ina da kwana 7 in rufe shi. Gargada kada zurfinta ya wuce santimita 3. Kwalbati kada yashi ya cinye fiye da kashi 10 na bakinsa. Ciyawar gefe ma an yanka mata iyaka. Hanya kuwa kada ta yanke fiye da awa 24, ko da a tsakiyar Agusta ne. Kowane laifi da tararsa, tarar kuma tana hawa kullum har ranar da aka gyara.

Da na fara lissafi a daren nan har murmushi nake yi ni kaɗai. Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu, me zan yi banda in ɗan kora gireda sau ɗaya ko biyu, kuɗi na faɗowa? Maiɗakina ce ta dawo da ni hayyacina. Ta ce, Alhaji, mutanen nan ba don suna ƙaunarka za su ciyar da kai da rani ba, ka tambayi abin da za su karɓa da damina.

To ga tambayata. Wannan tsari an taɓa yin sa a wani wuri ya tsaya da ƙafarsa, ko da mu za a yi gwaji? Kuma mene ne yake kashe ɗan kwangila a cikinsa? Farashin da suka rubuta ɗaya ne daga watan farko har wata na 36, wannan ma ya hana ni barci. Sun ba ni mako 2.


Injiniya Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Maiɗakinka ta riga mu ba ka rabin amsar.

Ba da kai za a fara ba. Lardin British Columbia na Kanada ya miƙa kula da hanyoyinsa ga 'yan kwangila tun 1988. Ajantina ta ɗauki tsarin da gaske a shekarun 1990, kwangilar shekara 5, ɗan kwangila ya gyara hanya a farko sannan ya riƙe ta sauran shekarun. Amma wanda ya fi kama da naka na nan kusa da mu. A 2001 Chadi, da kuɗin Bankin Duniya, ta ba kamfani ɗaya hanyoyin burji kimanin kilomita 440 na shekara 4, ana biyansa wata-wata bisa abu huɗu: hanya ta kasance a buɗe, mota ta iya gudun da aka yanka, mai tafiya kada ya jigata, hanyar kuma kada ta riƙa cinyewa. Laberiya ta yi na shekara 10 a kan titin da ya tashi daga Monrobiya ya bi ta Gbarnga zuwa iyakar Gini. A gida kuwa, shirin hanyoyin karkara na RAMP da Bankin Duniya ya amince wa jihar Kaduna a 2008, na dala miliyan 60, da irin wannan kwangila aka yi fiye da kilomita 400. Irin wannan tsarin kwangila masu harkar suna ce masa OPRC, 'yan Faransanci su ce GENIS. Ka nemi waɗanda suka yi wa manyan kamfanonin aiki a wancan lokaci, suna nan Kaduna da Zariya, shayi ɗaya da su ya fi wannan dogon rubutu nawa.

Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro shi kai ma ka san shi, sai dai ba mu cika son faɗa ba. A tsohon tsari rami abokin ɗan kwangila ne. Muddin a kan awo ake biya, yawan lalacewa shi ne yawan aiki. Na shekara 31 a ma'aikata, ban taɓa ganin ɗan kwangilar da ya zo ofishina yana roƙon a ba shi aikin yashe kwalbati ba, don ba kuɗi a ciki. Kwalbatin nan kuwa shi ne hanyar. Ya toshe a Yuni, ruwa ya haura bisa a Agusta, Satumba a rubuto takardar gaggawa ta miliyoyi. Wannan sabon tsari ya juya abin: in ka yashe kwalbati da shebur a kan lokaci, kuɗin da ba ka kashe ba naka ne. In ka yi sakaci, kai za ka sayi siminti.

A gaskiya ba ma sabon abu ba ne a idon tsoho. Zamanin En'e da farkon mulkin kai akwai leburorin hanya, kowane gungu da yankinsa da helumansa, da diga da shebur da baro, kullum suna kan hanya. In hakimi ko injiniya ya biyo ya ga rami, ya san wanda zai kira da suna. Abin da aka rasa ke nan, shi ake ƙoƙarin sayowa da takarda.

Yanzu ga inda nake jin tsoro a kan naka. A asalin tsarin, wanda ya gina shi ke riƙewa. Hikimar ke nan: ba za ka yi ha'inci a daɓe ba tunda kai za ka zauna da shi shekara 5. Kai kuwa wani ne ya gina, kai za ka riƙe. Duk abin da aka ɓoye a ƙarƙashin jar ƙasar nan, ranar da ka sa hannu ya zama naka. Saboda haka kafin komai, ɗauki yara biyu da diga da ma'auni. Duk rabin kilomita a haƙa ɗan rami a tsakiyar hanya da kuma wajen sawun taya, a auna kaurin burjin, a ɗauki hoto da ma'aunin a ciki, a mayar a daɓe. Rami 76 ke nan in ka yi ɗaya-ɗaya, aikin kwana 3 ne ko 4. In takardarsu ta ce santimita 15 ka tarar da 15, alhamdulillahi. In ba haka ba, kada ka yi cinikin biri a sama.

Sai ka buɗe shafukan ƙarshe na takardar ka nemi sharaɗin miƙa hanya. Kusan kullum akwai shi: ranar da wa'adi ya cika, kaurin burji kada ya gaza kaza. Nan ne kuɗin yake, ba a ciyawa ba. Burji yana tafiya ko ba ka yi laifin komai ba, taya ta watsar, iska ta kwashe da rani, ruwa ya wanke da damina. A abin da na gani a hanyoyinmu masu ɗan zirga-zirga, santimita 2 zuwa 3 a shekara ba abin mamaki ba ne. Mu ɗauki 2 da rabi, hanya mai faɗin mita 6, tsawon kilomita 38. Ya kama kubik mita 5,700 a shekara, wato tifa 570 in tifarka tana ɗaukar 10, kuma wannan bayan an daɓe ne, abin da za ka ɗebo sako-sako ya fi haka. A shekara 3 ka haura tifa 1,700. Ina ramin ɗibar jar ƙasar yake? In kilomita 4 ne daga hanya wani lissafi ne, in 20 ne wani ne daban. Gonar waye? An biya shi, ko kai za ka tarar da shi tsaye da 'ya'yansa? Watannin ranin da kake yi wa murmushi, kuɗinsu na wannan ne. Wanda ya cinye su a Janairu zai gane kurensa a shekara ta uku.

Abu na ƙarshe, doron hanya. Hanyar burji tana son gangara daga tsakiya zuwa gefe kamar kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari. Direban gireda marar ƙwarewa, ko mai sauri, yakan aske doron ya bar hanya shimfiɗe kamar tabarma. Ranar tana da kyau a ido. Ruwan farko ya sauka ya rasa inda zai bi, ya kwanta a sawun taya. Kuma kora gireda a busasshiyar ƙasa ba ruwa ba rola, gargada kwana kaɗan take yi ta dawo. Kai da kake hayar rola da tanka, zauna ka ƙirga sau nawa za ka ɗauko su a shekara, ka tabbata mai su ba zai ce maka suna wani aiki ba ranar da agogon tara ya fara bugawa.


Mai Kanta Daga Giwa:

Alhaji ka yi haƙuri, ni dai dariya na yi. Wato yanzu da aka ce ku ci abin da kuka dafa shi ne barci ya gagara? Mu shekara nawa muna kwana a hanya? Bara da lodin masara na karya sifirin biyu a wata guda, a hanyar da ba ta shekara 2 da buɗewa ba, an yi taro an yanka kirtani har da makaɗa. Wanda ya yi ta ko lambar wayarsa ba mu da ita. In da ni ne gwamna duk wata hanya haka za a riƙa bayar da ita, kuma a kafa allo a bakin kowane gari da sunan ɗan kwangila da lambarsa, mu ne masu sa idon. Mu da muke bin ta sau 6 a mako mun fi mai Hilux ɗin da zai zo sau ɗaya a wata, bayan an sanar da ku ranar zuwansa kun yayyafa ruwa.


Tsohon Direba, Damagaram:

Salamu alaikum. Ni ban san takarda ba, ɗana ne ke rubuta mini. Amma na ja babbar mota shekara da shekaru, Nijar, Chadi, arewacin Kamaru, bari in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba.

Alhaji, mu ne za mu kashe ka. Ba ruwa kaɗai ba, ruwa da mu. Hanyar ƙasa in ta sha ruwa ta yi laushi, mota ɗaya mai nauyi ta isa ta yanka ta kamar an ja garma, kilomita da kilomita. In an bar ta ta sha iska rabin yini, mota goma su wuce ba abin da zai same ta. Shi ya sa a Chadi da Kamaru akwai shingen ruwan sama. Da hadari ya zubo sai mai gadi ya sauke ƙarfe, manyan motoci su tsaya sai ƙasa ta tsane, ƙanana su wuce. Mun zage su, mun ba su cin hanci, wani ya karɓa wani ya ƙi. Yau da na tsufa na san gaskiyarsu. Takardarka ta ba ka ikon tsayar da mota? In ba ta ba ka ba, wa zai tsayar? Ka je ka zauna da hakimi da shugabannin tasha tun yanzu, kada ka bari sai ran da yaronka ya tare tirela a daji shi kaɗai.

Sai lodi. Wajenmu akwai dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta 2005, da ake kira doka ta 14, ta ce gatari ɗaya na baya mai taya biyu-biyu kada ya wuce tan 12. Doka ce mai kyau a takarda. Ni da kaina na sha ɗora abin da ya kusa ninka haka, don mai kaya da mai mota duk a kan tan suke lissafi. Kuma ka sani, hanya in ta yi kyau tana kiran mota. Wadda jiya babur da amalanke ke bi, da an gyara ta sai ka ga masu gawayi, masu itace, masu yashi sun gano ta, har masu gudun shingen babban titi. Motocin da aka ƙirga kafin gyara ba su ne za ka rayu da su ba.


Injiniya Mai Ritaya:

Baba direba ya faɗi gaskiya, kuma akwai lissafinta. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in ka ninka nauyin da ke kan gatari sau 2, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkuwa kamar sau 16. A kan kwalta da kankare aka yi gwajin, jiƙaƙƙen burji kuwa ba sai an faɗa ba. Alhaji, ka sa a rubuta adadin manyan motoci da aka gina farashin a kai, da abin da za a yi in sun haura.


Hajiya Mai Lissafi:

Alhaji sannu da ƙoƙari. Su Baba sun yi maka maganar ƙasa da ruwa, ni ta kuɗi zan yi, don aikina ke nan, ina riƙe wa 'yan kwangila littafi. Waɗanda na ga sun durƙushe a gabana ba rami ne ya kayar da su ba.

Farashi ɗaya na wata 36, a Najeriya? Ka tuna wanda ya sa hannu a irin wannan a farkon 2023. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Man gas, wanda shi ne abincin giredarka, ya haura naira 1,000 kafin 2023 ta ƙare. Buhun siminti ya taɓa 10,000 a wurare da yawa a Fabrairun 2024. Taya, ruwan gireda, fanfon inji, duk da dala ake shigo da su. Irin waɗannan kwangiloli masu tsawo da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, a ƙa'ida akwai sharaɗin daidaita farashi a ciki, ana ɗaura wani kaso a kan man gas, wani a kan lada, wani a kan kayan aiki, in sun tashi kuɗin wata ya tashi. Ina kyautata zaton babban kamfanin yana da shi a tasa takardar. In haka ne, shi ana ƙara masa, kai ya daskarar da kai. Ka ce su nuna maka wannan shafi. In sun ƙi, ka sami amsarka.

Na biyu, nemi jimlar da ke cewa za a biya ka bayan an biya su. Takan ɓuya a tsakiyar wani dogon sakin layi. Duk amfanin tsarin nan a kan abu ɗaya ya rataya, wato kuɗi su zo duk wata kamar albashi. Tara ba ta jiran kowa, kwana 7 kwana 7 ne ko an biya ka ko ba a biya ka ba. In kuɗi suka tsaya wata 4, leburori za su watse, mai rola zai janye, kwalbati ya toshe, sannan a zo a auna a zaftare daga kuɗin da ba a ba ka ba. Ka tafi banki kuma, tun da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27 da rabi a ƙarshen 2024 ƙaramin ɗan kasuwa ya san abin da ake nema a wajensa. Abin da za ka nema: ranar biya tsayayya, kuma in biya ya makara fiye da kwana kaza, agogon tara ya tsaya har sai an biya.

Ka kuma tambaya ko duka shekara 3 ɗin suna cikin wa'adin lamunin. Wannan mutane ba sa dubawa. Shirin lamuni yana da ranar rufewa. In ya rufe a shekararka ta biyu, ragowar ya koma kan kasafin kuɗin jiha, kuma kula da hanya shi ne abin da aka fara yankewa in aljihu ya yi zafi, tunda ba a yanka masa kirtani. Ko a tarayya haka abin yake. An kafa FERMA, hukumar kula da hanyoyin tarayya, a 2002, a 2007 aka gyara dokarta aka ce kashi 5 na kuɗin fetur da gas a ware don gyaran hanyoyi, amma shekara da shekaru hukumar tana kukan kuɗin ba su zo hannunta ba. Shi ya sa shirin hanyoyin karkara na RAAMP da ya biyo bayan RAMP a 2020 ya matsa wa jihohi su kafa asusun hanya na musamman da hukumar hanyoyin karkara. Ka binciki jihar da za ka shiga: asusun a takarda yake, ko ana zuba masa kuɗi?

Sai aikin gaggawa. Ambaliya ta tafi da gada ko ta yanke hanya mita 40, wannan ba ya cikin kuɗin wata, ana biyansa daban a kan awo kamar yadda ka saba. Amma dole takarda ta faɗi inda kula ta ƙare gaggawa ta fara, da lamba, ba da kalmar "babbar ɓarna" ba. Babba a idon wa?

Ban ce ka gudu ba. Ɗan kwangilar da ya san abin da zai shigo masa wata 36 a jere ya fi mai jiran satifiket kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, har rola zai iya saya a hankali. Amma a yadda ka kwatanta takardar nan, sun ajiye tsoka sun miƙo maka ƙashi.


Mai Gireda Ɗaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana 9 ne don na tafi na yi abin da kuka ce.

Baba Injiniya, ranka ya daɗe, na haƙa ramukan. A tudu aikinsu ba laifi, 14, 15, wani wuri har 16. Amma akwai wata fadama daga kilomita ta 21 zuwa ta 26, a nan 7 na samu, 8, wani rami 6, ƙarƙashinsa baƙar laka mai danƙo da ke kama diga. Kwalbati biyu a wurin bakinsu na fita ya fi ƙasan da ke gabansa zurfi, ruwa ba shi da inda za shi. Wani dattijo da ke daka a gindin tsamiya ya nuna mini a jikin itacen inda ruwa ya kai shekara 2 da suka wuce. Ya kai mini ƙirji. Ramin jar ƙasa mafi kusa da fadamar kilomita 13 ne.

Baba na Damagaram, na kwana garin ranar kasuwa na zauna bakin hanya da littafi tun asuba. Takardarsu ta ce manyan motoci 12 a rana. Kafin la'asar na ƙirga 41, fiye da rabi tifofin yashi ne daga wani rafi da ba a ɗiba a cikinsa kafin a gyara hanyar. Ɗaya daga cikin direbobin ma yarona ne na da, ya tsaya muka gaisa, ya ce Alhaji ai hanyar nan ta yi mana rana.

Malam mai Kanta, ban ji haushi ba. Akwai hanyar da na yi a 2016 da ba na son bi ta cikinta da rana. Maganar allo da lambar waya kuwa na karɓa, in na shiga aikin zan kafa da kuɗina.

Hajiya, jimlar tana nan, shafi na 17, kamar kin gani da idonki. Na kai musu hotuna da littafin ƙirga jiya. Manajan ya daɗe yana juya hotunan fadamar bai ce komai ba. Sun yarda su ƙara burji a kilomita 5 ɗin nan su gyara mafitar kwalbatocin kafin in karɓa, sun yarda a rubuta adadin motoci, sun yarda tara ta tsaya in biya ya wuce kwana 45. Daidaita farashi ne suka ce sai sun tambayi hedikwata, shafin nasu kuma ba su nuna mini ba. Na ce to ni ma sai na tambayi tawa hedikwatar, tana gida tana jirana. Sun ƙara mini kwana 10.

Kafin nan, wa ya san inda zan sami rola mai jijjiga, tan 10 ko 12, ta hannu amma mai lafiya, tsakanin Kaduna da Kano? Ko da ta biya sannu-sannu ce. Na ƙirga hayar sau 5 a shekara har shekara 3, ta kusa kuɗin saye.